Garin Alkama a Gemuna

Da asuba nake barin gidan burodin Mokoyo,
fari fat, kamar an zazzago ni daga buhu.
A ƙofar gida nake tsugunawa da buta:
hannu, gemu, ƙarƙashin farce,
sau uku-uku, kamar alwala.

Kwananki biyar, ko suna ba ki da shi.
Uwarki Sahura ta shekara tara
alkama na cin hanjinta,
ana ta yi mata turaren iska.

Likita ta ce nono kawai yanzu,
gado ba dole ba ne, a jira.
Na gyaɗa kai.

Amma jiya, da kika damƙe yatsana
za ki kai baki,
sai na fizge.

Kika yi kuka.
Nawa sai da dare, bayan tanderu.