Almakashin Kaka Radka

Can bayan gida, a tudun Smolyan,
raɓa ta soma daskarewa kafin asuba.
Kaka Radka ta durƙusa kan tsohon buhu,
ta yi wa na'a-na'a aski ƙwal-kwabo.
"Wannan ba ta da zuciya," in ji ta, "za ta dawo."

Rosmari kuwa, kansa kawai ta taɓa.
"Kada ka shiga tsohon icce, Zlatko.
Inda ya yi furfura, ba ya toho."
Ta dafa gwiwarta, ta yi dariya.

Muka lulluɓe saiwoyi da busasshen ganye,
tukunyar tayim muka kai jikin taga.

Da dare dusar ƙanƙara ta sauka.
Yatsuna har yanzu suna ƙamshi.
Almakashin yana aljihuna,
ta ce in riƙe, hannunta ya gaji.