Birkin Katako

Ƙarfe ɗaya na dare a garejin Ticomán
jirgi na ƙarshe ya shigo yana huci,
kamar san da ya wuni a gonar wani.
Na sauka rami, tocila a goshi,
tarago tara a bisa kaina.
A nan ƙasa, ni da shi, babu mai yi wa wani ƙarya.

Mutanen birnin Meksiko sun san launinsa,
ruwan lemo, sun san kukan ƙofarsa.
Ni cikinsa na sani.
Na san inda giris ke yin baƙi,
na san wani noti a tarago na shida
da ke kwance kansa duk bayan sati uku,
ba ya saɓa alkawari, ya fi wasu mutane.

Tayarmu roba ce, birkinmu katako.
Yi dariyarka, na saba.
Don Fulgencio ke yanka shi, da yatsunsa tara,
ya tsoma shi a man gyaɗa ya sha ya ƙoshi
don kada zafi ya cinna masa wuta.
Shekara talatin ke nan yana tsayar da gari
bai taɓa riƙe linzamin jirgi ba.

Uku da rabi. Na gama zagaye.
Na ciro biro, na ɗora takarda a gwiwa,
ido ya yi nauyi, kofi ya huce.
Sai Yaretzi ta kira ni,
yarinyar da ta zo koyo watan jiya,
hular kwanonta har yanzu tana rufe mata gira.
Ta ce, zo ka ji.
Ba ta ce zo ka gani ba.

Ta ja farcenta a kan ƙarfen da ke riƙe birki,
farcen ya tsaya, ya yi ɗan tsalle, ya wuce.
Tsaga ce, ba ta kai silin gashi ba.
Sau biyu na haska wurin a daren nan.
Sau biyu.

Na mayar da biro aljihu.
Kunya ma tana da wari, irin na wayar da ta ƙone.

Anselmo ya sauko da allon lissafinsa,
ya ce biyar na asuba sai jirgi ya fita,
ya ce layi ba ya cin uzuri.
Na ce wannan zai kwana.
Ya dube ni, ya dubi yarinyar, ya dubi agogo,
ya hau matakala yana magana da iska.
Na miƙa mata jan kati, na ce rataya da hannunki,
ke kika ji shi.

Shida da kwata ina tashar Potrero,
ni ma fasinja, bayana yana ciwo.
Jirgi ɗaya ya ragu a layi,
dandamali ya cika har bakin matakala.
Wani mai jakar fata ya ce ma'aikatan nan barci suke,
wata ta ce albashin banza.
Na tura hannuwana cikin aljihu,
baƙin farcena ba ya fita da sabulu.
Ban ce komai ba. Sun makara, gaskiyarsu ce.

Mahaifiyata tana gefena da kwandon dafaffen masara,
idonta ya daɗe da daina karanta sunan tasha.
Iska ta fara turowa daga bakin rami,
fitila biyu, sai ƙugin taya,
sai katako ya kama ƙarfe.
Ta ɗaga hanci, ta shaƙa,
ƙanshin gyaɗa sama-sama a cikin zafin roba.

Ta ce, wannan naka ne?
Na ce, namu ne.
Ƙofa ta buɗe daidai inda ta saba tsayawa.