Daga Mita Zuwa Ciki

Hajiya Baraka ta Rafin Daɗi
ta sayo firji uku, za ta kama sana'ar ƙanƙara.
Wayar gidan tun ta zamanin marigayi ce,
siririya kamar tsinken tsire,
ko dutsen guga aka kunna sai ta yi gumi.
Aka ce a kira Sada.

Na zo da yarona Mannir da jakar fulaya.
Kwana biyu muna cikin silin tare da jemagu,
mun zare ruɓaɓɓiya, mun ja mai kauri,
mun haƙa rami a gindin bango,
mun binne sandar ƙarfe da gawayi da gishiri
don in wuta ta fusata ta san hanyar ƙasa.

Laraba da la'asar aiki ya iso bakin mita.
Na rufe jaka.

"Ga falwaya nan, taku bakwai," in ji Hajiya.
"Tun asuba suka ɗauke. Hau ka haɗa mana.
Azumi saura kwana shida,
kuma duk layin nan haka aka yi."
Mannir har ya jingina tsani.

Na ce ya sauke.

Daga mita zuwa ciki nawa ne,
in ya yi ƙauri a zo Ƙofar Marusa a kama ni.
Daga mita zuwa sama na kamfani ne,
su ke riƙe da makullin taransifoma,
su suka san wanda ya kashe da sa'ar da zai kunna.
Wayar da ta yi shiru ba mutuwa ta yi ba,
kuma ba ta sallama in za ta dawo.

Maigidana Nalado ya koya mini wannan,
ba da baki ba.
Ran nan ma babu wuta a gari.
Wani mai walda bayan masallaci ya ta da janareta
bai raba layinsa da na unguwa ba,
wutar ta biyo waya a baibai
ta tarar da shi a sama yana fito.
Shekara goma sha ɗaya ke nan
da hagu yake cin tuwo.

Hajiya ta ce na cika tsoro,
ta riƙe rabin kuɗina.
Na ɗaura kwaɗo a akwatin fis, makulli a aljihu,
na kai takarda ofis da ƙafata,
na ɗumama benci har azahar.
Aka ce gobe. Goben ta zama Litinin.

Suka zo da mota da igiyar ƙugu,
suka kashe, suka ce an kashe.
Duk da haka sai da na ɗora tasta,
Mannir yana kallo. Don shi na yi sau biyu.

Shan ruwan farko,
yaro ya kawo ƙanƙara a leda daga Rafin Daɗi,
babu saƙo, babu cikon kuɗi.
Na riƙe ta da hannu biyu,
tana ɗiga ta tsakanin yatsu goma.