Fatalwar Garwa

A rumfar kallo ta Rumde Ajiya muka taru,
sefa ɗari-ɗari, benci yana kuka.
Wai zamanin Jamus ne,
amma ga sojan bature da agogon roba,
jinin kuwa zoɓo ne, har ƙuda ya shaida.
Fatalwa ta fito cikin zanin gado,
babur ya wuce bayanta. Muka kwashe da dariya.

Sai Goggo Jebba ta zauna bakin Binuwai
tana ƙirga 'ya'yanta da tsakuwa.
Bakwai ta haifa.
Ta ƙirga takwas.
Ba kiɗa, ba ihu; kuɗin ne ya ƙare, ina ji.

Ranar, doguwar hanya na bi zuwa gida,
don kada in ga ruwa.