Amsoshin Taga

Kuran ya ɗauke a Yelwa tun bayan isha'i.
Garwa tana gumi, fanka ta yi tsit,
batirin kwamfutata saura kashi talatin da ɗaya,
ina tsintar kurakuraina kamar tsakuwa a shinkafa.

Sau arba'in da bakwai na rubuta "babu" a manhajar nan,
kowanne da irin fuskarsa:
wani da Faransanci, wani da Hausa,
wani farin allo kawai, ba sallama, ba sai an jima.
Mai jiran saƙo daga Marwa ya danna waya,
na'urarmu ta juya masa ƙeya.

Sai na tuna tagar Baba.

Shekara ashirin da shida Malam Inuwa ya yi
bayan ƙaramar taga a tashar Ngaundere,
biro a kunne, littafi mai maiƙo a gabansa.
Amsoshinsa ba su cika yatsu goma ba,
amma sun sha hannu har sun yi santsi kamar taɓaryar gidanmu.
"Ya iso, ga shi."
"Na duba, ban gani ba, ɗan'uwa."
"Ba sunanka ke jiki ba, turo mai shi."
Da attajiri da mai tura amalanke, murya guda.

Na buɗe sabon shafi, na tara su wuri ɗaya,
'yan aike ƙanana, layi uku-uku,
kowa da lambarsa a ƙirji kamar ɗan dako.
Ɗari biyu na raɗa masa gaShi.
Ɗari huɗu da huɗu, banGaniBa.
Ɗari huɗu da uku na tsayar a ƙofa,
ba ya tsawa, ba ya kuma matsawa.
Ɗari uku da ɗaya yana nuni da baki: mun koma bakin gada.
Akwai ɗari biyu da huɗu, da ba ya cewa uffan,
gyaɗa kan Baba ke nan
in ya soke layi a littafi, ya dubi na baya.

Yanzu duk inda manhaja za ta yi magana
sai ta kira ɗaya, ya fita da kai da gangar jiki a shirye.
In gyara ya taso, wuri guda zan taɓa.

Ɗari biyar ne ya hana ni barci.

Hamajoda, abokin aikina, ya ce a saƙo:
rubuta "an sami matsala", kowa haka yake yi.
An sami.
Sai ka ce kuɗi ne aka tsinta a hanya.

Ina aji uku buhun bandar wata tsohuwa ya ɓace,
Inna Dudu, daga Lagdo.
Direba ya ce kamasho, kamasho ya ce yaron mota,
yaron mota ya dubi sama.
Baba ya cire biro daga kunne.
"Laifinmu ne, Inna, ba naki ba."
Ya ƙirga jaka tara daga aljihunsa.
Watan nan miyarmu ba ta ga nama ba,
Mama kuma kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Na rubuta laifinmu.
Bayanin ɓarnar ya shige littafin ajiya,
don ba a shanya cikin gida a titi,
baƙo kuwa ya ji gaskiya, gajeriya:
daga wajenmu ne, muna gyarawa.

Batiri saura kashi huɗu. Na tura.

Da kiran assalatu buƙatar farko ta shigo,
wani a Gider yana neman lambar kayansa.
banGaniBa ya fita, ya gaishe shi, ya ce tukuna.
Minti goma sha biyu, ya sake ƙwanƙwasawa.
Motar dare ta iso ke nan.
gaShi.

Ban san ko waye ba, ban san me ke cikin kwalin ba.
Allon ya mutu a hannuna.
A tsakar gida Baba yana tari,
yana laluben butarsa a duhu.