Tsallaken Ɗinki

Kafin in kwance ko kusa ɗaya
nakan ce wa mai keke: taka in ji.
Kunne ke fara aikin nan, hannu sai daga baya.

Barau ya taka.
Shagonsa na Tudun Wada ya ɗauki ruri,
ga shuɗin yadin 'yan makaranta jibge a benci,
riga ɗari uku, ran Litinin ake so,
yau kuwa Alhamis, har an yi la'asar.

Na ji abin. Can ƙarƙashin faranti,
wani ƙas-ƙas kamar ɓera a buhun masara.
Ɗinki uku lafiya, na huɗu tsallake,
zare ya cukurkuɗe ta ƙasa, ya yi gammo.

Ya ce, "Allura ce."
Kowa allura yake zargi,
ita ce a fili, ita ce mai arha.

Na kwantar da kan keken, na leƙa cikinsa.
Man da ke kaskon ya koma baƙin shayi,
burbushin yadi ya kwanta a ciki kamar tsaki.
Na ce, "Yaushe rabonka da juye shi?"
Ya dubi titi, ya gaida wani mai wucewa.

Haƙoran da ke jan yadi sun cinye,
sun yi santsi kamar dasashi.
Bel ya saki jiki, ya tsattsage ta ciki.
Ƙugiya kuwa, uwar tafiyar,
wadda ke cafke zare duk sanda allura ta nutse,
na shafa bakinta da farce, farcen ya kama.
Ta dakushe. Ta yi nata ta gama.

Na aiki Ilu Sabon Gari.
Na ce, "Ka je wurin Obiora, ka ce ni ne.
Kada ya ba ka mai sheƙin nan.
Mai sheƙi sati uku ne, sai kuka.
Ka auna a tafinka, ta gaske tana da nauyi."

Kafin ya dawo na wanke ciki da kananzir,
na sake bel, na zuba sabon mai
fari tas, kana hango gindin kasko.

Muna ɗaura ƙugiya aka ɗauke wuta.
Barau ya haska min da wayarsa,
ina juya wili da hannu, a hankali, a hankali.
Tsakanin ƙugiya da allura
faɗin silin gashi ake bari.
In sun matsu su ci juna,
in sun yi nisa zare ya faɗi a tsakani.
Sau huɗu ina ɗaurewa ina kwancewa,
idona ba na da ba ne,
sai na ce Ilu ya duba. Ya ce, "Ƙara kaɗan, Baba."
Na ƙara. Yaron ya yi gaskiya.

Barau ya jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin tebur,
ya jefa tsohuwar ƙugiya, ta yi ƙwal.
A ciki akwai kwarkwaro shida, ƙafa biyu,
sifirin, karyayyun allurai,
duk abin da na cire masa cikin shekara goma sha tara.
Ya ce, "Sallau, anya keken da na saya ne wannan?"
Na nuna masa feda,
inda fenti ya goge daidai faɗin ƙafarsa ta dama.
Na ce, "Wannan dai ban taɓa sakewa ba."

Ana kiran magariba wuta ta dawo.
Ya sa ƙyalle ninki huɗu, ya taka,
ɗinki ya miƙe ɗoɗar kamar layin dogo,
ba tsallake, ba ƙas-ƙas.

Ya ba ni rabin kuɗi, saura sai an biya shi.
Na ce, "Duk Juma'a ka share haƙora,
ka duba mai, kada ka jira ya yi baƙi."
Ya ce, "To."
Na san irin to ɗinsa.
Na goge hannuna, na ce sai bayan wata shida.