Littafin Awo

Shekara ashirin da uku ina ɗinki a Garwa,
rumfata na nan bayan babbar kasuwa.
Ban yi karatun likita ba,
amma ina da littafin awo mai baƙin bango,
abin da ya sani kan mazan garin nan
ko matansu ba su sani ba.

Ga shafin Alhaji Namadi mai goro:
ƙugu tamanin da biyu, shekarar da ya yi aure.
Na soke, na rubuta casa'in.
Na soke, na rubuta ɗari da huɗu.
Kowace Sallah sai ya ce yadin bana ne ke tsukewa,
in ce haka ne, Alhaji,
tela ba ya musu da mai biyansa.

Mu ne muka ce tumbi shaidar arziki,
wanda ya rame kuwa bashi ke cinsa.
Sai mu baje gindin darbejiya bayan la'asar,
shayi zagaye uku, sukari kwance a gindin kofi,
tsire mai kitse daga hannun Bappa Sali.
Abu na tsallaken titi, sai an kira yaro.
Masallacin da muke jin tarin ladaninsa,
da babur muke zuwa.

Rigar Namadi na nan a rataye,
shadda ruwan toka.
Laraba na gama aikin wuya,
Alhamis ya faɗi a ƙofar shagonsa.
Jini ne ya hau, aka ce. Hamsin da ɗaya.
Likkafani bai nemi awona ba.
Ba wanda ya zo karɓar rigar,
ni kuma na kasa sayarwa.

Bayan arba'in sai ga Ɗantani direban auduga
da wanduna biyar a leda.
Na ɗauki reza zan farke in ƙara, kamar kullum.
Ya ce a'a, ragewa za ka yi.
Na dube shi sama da ƙasa,
don ba a ce mini rage sai an tashi daga jinya.
Ya ce lafiyata ƙalau, ƙafa ce.
Daga sallar asuba sai gada, in juyo.
Tuwo malmala ɗaya, zogale ya fi shi yawa,
kifin Binuwai a gasa, kada ya ga mai.
Uwargida ta yi fushin kwana bakwai,
wai na raina girkinta.
Yau ita ke ɓoye mini gishiri.

Daren nan na zagaya igiyar awo a cikina,
ni da na auna rabin gari
ban taɓa auna kaina ba.
Ba zan faɗi lambar ba.
Tana shafin ƙarshe, da fensir.

Ranar farko ban kai gada ba.
Gwiwa na kuka kamar keken da ya manta mai,
masu babur na tsayawa:
Baba, kuɗi ne babu? Hau kyauta.
Rana ta tara muka tsaya kan ƙarfen gada,
masunta na jan koma a ƙasa,
Ɗantani ya nuna dorina, ya ce ga yayanka can.
Na ce ita ma ai ganye take ci,
ka ga ya hana ta?
Muka yi dariya har numfashi ya dawo.

Ban zama waliyyi ba.
Ƙanshin tsiren Bappa Sali har yanzu ya san sunana,
ran Juma'a nakan amsa.
Amma jiya na goge lambar nan,
na rubuta wata, ƙasa da santi biyu.
Santin miya ya kawo su,
santi santi za su koma.

Da safe in na buɗe rumfa, gumi na tsiyaya,
iska kan shigo ta motsa rigar Namadi,
hannunta ya ɗaga kaɗan.
Nakan ce: na je, Alhaji.
Gobe ma zan je.